Abin da ke riƙe da sito na ƙarfe ba kaurin ginshiƙi ba ne

Duk wanda ya bi babbar hanyar M1 a tsakiyar Ingila, tsakanin Northampton da Leicester, zai ga manyan sito-sito jere a gefen hanya, kuma kusan dukkansu tsarinsu ɗaya ne: ginshiƙai biyu na ƙarfe suna fuskantar juna, an haɗa kawunansu da ƙarafan rufi masu ɗan gangare, sai a maimaita wannan firam duk bayan mita 6 zuwa 8 har tsawon ginin ya cika. Firam ɗaya yana iya ƙetare faɗin mita 30 ko 40 ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, shi ya sa masu masana'antu suka fi son sa a kan ginin bulo da kankare, domin tirela da motar ɗaga kaya suna samun sararin juyawa.

Mu ma a gida Najeriya mun karɓi wannan gini, kuma na yi murna da haka. Damuwata ita ce mun ɗauki siffarsa mun bar lissafinsa. A nan Ingila, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya sai injiniya ya lissafa nauyin da kowace gaɓa za ta ɗauka, sannan a yi yanka da huji da walda a cikin masana'anta, kowane ƙarfe da lambarsa. Tun daga Yulin 2014 doka ta wajabta wa masu ƙera irin waɗannan ƙarafa bin ƙa'idar EN 1090, wato ƙa'idar Turai ta ƙera ƙarafan gini. Idan kayan suka iso filin gini, aikin da ya rage shi ne motar ƙugiya ta ɗaga, ma'aikata su ɗaure noti. A gida kuwa sau da yawa mai sito yakan kira mai walda ya nuna masa fili, a sayo ƙarfen da ido ya gamsu da kaurinsa, a yi ta walda a sama cikin iska da ƙura. Ba na raina masu waldarmu, da yawansu gwanaye ne ƙwarai, amma an ɗora musu aikin injiniya alhali ga injiniyoyi masu rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, da ba a nema ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙarafan giciye, waɗannan siraran sanduna da ake gittawa tsakanin firam da firam a bango da kuma ƙarƙashin rufi. Mai gini yakan gan su kamar ƙari ne kawai, sai ya ce a cire don a rage kashe kuɗi, ko kuma a yanke su daga baya saboda ana son buɗe ƙofa a wurin. To su ne ke hana firam-firam ɗin kwantawa ɗaya bisa ɗaya idan iska ta bugi goshin ginin. Haka ma notocin da ke ɗaure ƙafar ginshiƙi da fandisho. Sito na ƙarfe ba shi da nauyi idan aka gwada shi da girmansa, saboda haka guguwar farkon damina ɗaga shi take nema ta yi, musamman idan babbar ƙofa tana buɗe iska ta cika cikinsa tana tura kwano daga ƙasa. Fandisho a irin wannan gini riƙe ginshiƙi yake yi kada ya tashi, bayan ɗaukar nauyinsa da kowa ya sani.

Wannan ne ma ya sa ban yarda a kwafo zanen Turai yadda yake ba. Injiniyan Ingila yana lissafi da dusar ƙanƙara da za ta kwanta a kan rufi, yana kuma neman tsare ɗumi a ciki. Namu yanayin yana buƙatar mafitar zafi a ƙololuwar rufi, da kwano mai haske da abin tare zafi a ƙarƙashinsa, da indararo mai faɗi da zai iya shanye ruwa mai zuba kamar da bakin ƙwarya. Ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi: tsawon mita 100 yana ƙaruwa da kimanin milimita 36 idan zafi ya hau da digiri 30, kuma wajibi ne mai zane ya bar wa wannan motsi wuri.

Akwai kuma masu ɗauka cewa tunda ƙarfe ba ya ci da wuta, sun huta da fargabar gobara. Ƙarfe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 550 zuwa 600, kuma sito cike da auduga ko roba ko katan yana wuce wannan zafi cikin ɗan lokaci, rufin ya lanƙwashe ya rufta kan kaya. A manyan sito-siton Ingila za ka ga bututan yayyafa ruwa a bisa kantocin kaya, da katon tankin ruwa a bayan gini wanda ba a taɓa shi sai don kashe wuta. A gida abin da na fi gani shi ne 'yan tukwanen kashe gobara rataye kusa da ƙofa, a ginin da tsayin kayan cikinsa ya ninka tsayin mutum sau huɗu.