Ciwon suga ba a jini kaɗai yake tsayawa ba

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuke da iyaye masu ciwon suga a gida, don Allah ku ba ni aron hankalinku.

Kawuna tela ne a Tudun Wada. Ya daɗe da suga nau'i na biyu, irin wanda ya fi kama manya. Da ya ji jiki ya yi sauƙi sai ya ajiye magani, ya koma shan wani jiƙo da ake talla da lasifika a bakin kasuwa. Wata rana bayan la'asar ya ce ƙirjinsa na masa zafi, gumi na keto masa. Ya ce olsa ce, a kawo masa madara. Kafin magariba ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Allah Ya jiƙansa. Da muka buɗe durowar keken ɗinkinsa, katin maganin suga na metformin uku muka tarar, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba, ga na hawan jini a gefe. Har yau ina jin ciwon cewa kullum ina shiga shagon, ban taɓa tambaya ba.

Suga idan ya daɗe a sama, jijiyoyin jini yake ci a hankali, kitse ya taru a cikinsu, hanya ta tsuke. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga mai suga ya ninka na sauran mutane sau 2 zuwa 3. In hawan jini da taba ko shisha suka haɗu da shi, abin ya ƙara muni. Kuma suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, har zuciya ta shiga matsala mutum bai ji wani zafin kirki ba, sai kasala da haki. Mu kuma sai mu ce jifa ne.

Ido da ƙoda ma ba su tsira ba.

Saboda haka kada ku tsaya a huda yatsa da safe don auna suga. Ku raka Baba ko Inna asibiti, Barau Dikko na Kaduna ne ko na kusa da ku, ku nemi a yi gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance wajen wata 3. A auna hawan jini, a duba kitsen jini da ƙoda, a duba ido ko sau ɗaya a shekara. A rage gishiri da dunƙule a miya, a bar lemon kwalba. Tafiyar minti 30, kwana 5 a mako, ko ba a je Dandalin Murtala na Kaduna ba, zagayen unguwa ya isa.

Da daddare kuma ku haska musu ƙafa da tocila, har tsakanin yatsu. Ƙusa na iya huda tafin mai suga ya wuni a kai bai sani ba. In kun ga ƙuje ko kumburi, gobe da sassafe sai asibiti.