Yaye a Cikin Kulle, Babu Kaka Babu Maƙwabta

Daga Gusau nake rubuta wannan ƙorafi da tsakar dare, a cikin azumin shekarar 2020, lokacin kullen korona, bayan yarona mai shekara biyu ya yi kuka har ya gaji ya ɓingire a kan tabarma a tsakar gida, domin ɗakin ya yi zafin da ba ya shiguwa, kuma yau kwana huɗu ke nan rabonmu da wutar lantarki. Ban musanta cewa cutar korona gaskiya ce ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka tsara dokar kulle kamar babu ƙananan yara a ƙasar nan.

Tun watan Fabrairu muka yanke shawara da maigidana cewa za a yaye Abba kafin azumi, domin in samu in yi ibadata ba tare da ramuwa ba. Kowa ya san yadda ake yaye a ƙasar Hausa: a ɗauki yaro a kai shi wurin kakarsa, ta yi ta lallaɓa shi da kunu da fura har ya manta da nono. Mahaifiyata tana Funtuwa, tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba idan aka bi ta Tsafe. Muna cikin shiri sai aka rufe Legas ranar 30 ga Maris, 2020, maigidana kuwa yana can ya kai kaya, ga shi har yau bai dawo ba. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka kuma ɗora dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Azumi kuwa ya kama ranar 24 ga Afrilu, ni kaɗai da yaron da ke ganin nono a gabansa ana hana shi.

Duk wanda bai taɓa yaye yaro da hannunsa ba, ba zai gane wannan azaba ba. Na shafa maɗaci, ya tofar ya koma ya kama. Na ɗaure ƙirji da zane, ya yi ta birgima a ƙasa yana buga kai, ni kuma nono ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya rufe ni, ga ƙishirwar azumi, ga ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da baya. A da, idan abu ya kai haka, matar ɗakin da ke kallon nawa takan karɓe shi ta goya, ko yaran gidan su fita da shi zaure. Yanzu kowace uwa tana janye ɗanta, domin rediyo ya cika mana kunne da cewa a bar tazara. Wace tazara ce za a bari a gidan haya mai iyali shida, banɗaki ɗaya, madafi ɗaya? Wa zai fahimtar da ɗan shekara biyu cewa kada ya sa hannu a baki, alhali ko takalmi ya samu sai ya ɗanɗana?

Sanarwar wanke hannu kuwa ita ce ta fi ba ni haushi. Ana cewa a wanke da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, mu kuwa famfon unguwarmu ya daɗe da zama abin ado. Ruwanmu na 'yan ga-ruwa ne, su ma da wannan zafin da azumi sun rage turo kura, wanda ya zo kuma ya ƙara kuɗin jarka. Yaron da ake koya wa zama a kan fo yana ɓata wando sau biyar a wuni, sai in tsaya ina lissafi tsakanin wankinsa da ruwan kunun buɗa-baki.

Kuma kada a ce mini hanya a rufe take ga kowa. Muna jin labarin motocin da ake cikawa da almajirai ana mayar da su jihohinsu, kuma direbobi da kansu suna faɗin cewa mai abin miƙawa a shinge ba ya kwana a hanya. Dattijuwa ɗaya da za ta zo ta karɓi jikanta ce kawai doka ta gani. Tallafin abincin da ake ta shela kuwa, a layinmu ko ƙwayar shinkafa ba mu gani ba.

Ina roƙon hukuma, idan za a tsawaita wannan doka, ta ba da wuta ko da daga magariba zuwa sahur ne, ta turo tankokin ruwa cikin unguwanni, ta kuma buɗe hanyar da magidantan da suka maƙale a wasu jihohi za su dawo gida bayan an gwada su. Jiya da mahaifiyata ta kira, Abba ya fizge wayar yana leƙa bayanta yana neman inda ta ɓuya. Ta ce, “Ki yi haƙuri, 'yar nan, ki ba shi kunun gyaɗa da ɗan dama.” Ban iya gaya mata cewa gyaɗar ta ƙare tun makon jiya ba.