Wutar Kyauta a Unguwar Bukoki

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar, Najeriya ta katse wutar da take turo mana, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan. Duk wanda ya kwana a Yamai a lokacin ya san tsawon dare: ga zufa, ga sauron damina, ga fanka a rataye ba ta ko motsi. A irin wannan daren ne wani ɗan fadarmu ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani Bature ne, ƙafar keke na juyawa ita kaɗai a gabansa, wai tana cajin batir. Ana kiran injin Bedini, sunan Ba'amurken da ya yaɗa shi. Na ce ai wannan bai fi ƙarfin mutanen da ke da kasuwar Katako ba, inda ake narka gwangwani a fitar da tukunya.

Da safe na dira Katako. Na sayi maganaɗisun matattun lasifika, da wayar jan ƙarfe ta ƙonanniyar fanka, da taransisto 2N3055 mai buɗe wa wuta hanya da rufewa, da diyod mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da ɗan mitan awon wuta. Mai kayan ya ce, "Alhaji, rediyo za a gyara?" Na ce, "A'a, wuta zan ƙera." Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kuma ƙi rage mini ko dala. Jika 12 suka tafi a nan.

Ƙafar keke ba ta ba ni wahala ba, ta ɗana na kwance. Da ya soma kuka na yi masa alkawarin babur in gwamnati ta sayi fasahar. Batir mai rai kuwa na ƙanena ne mai kabu-kabu. Na ce ya ara mini na dare ɗaya. Na biyun, wanda za a caja, wani tsoho ne da mai gyaran babura ya ba ni don ya huta da shi.

Aikin yana cikin naɗi. Waya biyu ake haɗawa a naɗe su tare, zagaye ɗaruruwa, a kan dunƙulen sandunan ƙarfe. Uwargida ce ke riƙe da ƙullin wayar tana sako mini, tana kuma sako magana. Na manna maganaɗisun a gefen ƙarfen ƙafar da gam mai ƙarfi, dukansu fuska ɗaya na kallon waje. Biyu daga ciki suka haɗu da ɗan yatsana a tsakiya, na kira sunan kakata da ta rasu tun ina goye.

Ga yadda abin yake, don har gobe ina alfahari da na gane shi. In maganaɗisu ya gifta ta gaban naɗin, sai ya tayar da 'yar wuta a waya ta farko, ita kuma ta buɗe taransisto. Wutar batir ta bi waya ta biyu, naɗin ya zama maganaɗisu shi ma, ya tunkuɗa na jikin ƙafar gaba. Da taransisto ya rufe, sai wutar da ta taru a naɗin ta yi tsalle guda mai ƙarfin gaske, diyod ya kora ta cikin batir na biyu.

Na ɗan tura ƙafar da hannu. Wallahi ta kama! Tana juyawa, tana wani ɗan kuka siriri, ba ta da niyyar tsayawa. Bayan isha'i na sa mita a tsohon batir: bolt 13 da ɗori, alhali na ƙanena ya sauka ƙasa da 12. Na ce wa uwargida daga yau kada a sake kawo mini takardar kuɗin wuta. Ta ce, "Malam, ai dama ba a kawo wutar ba."

Na aika aka kira 'yan fada, suka zo har da butar shayinsu. Cikinsu akwai Mushe, dattijon da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya, mutumin da ba a gayyata amma kullum yana nan. Ya zagaya injin, hannuwa a baya, ya yaba naɗin. Sannan ya ce, "Ɗana, cire batir na farkon mu gani." Na ce ai ba haka ake yi ba. Ya ce, "To, sa wa na biyun fanka."

Na jona 'yar fankar mota mai bolt 12. Ta tashi da ƙarfinta, fada ta ɗau tafi, wani har ya soma lissafin yadda za mu sayar wa Harobanda ta ƙetaren kogi wuta. Kafin shayin farko ya tafasa ta soma layi kamar mai jin barci a wurin wa'azi, ta yi zagaye biyu na bankwana, ta tsaya.

Mushe ya gyara zama. Ya ce tsallen wutar nan yakan ɗaga awon tsohon batir a ido kawai, ciki fayau. Duk abin da ya shiga na biyun daga na farkon ya fito, kuma bai iso cikakke ba: wani ya zama zafi a waya da taransisto, wani ya tafi wajen juya ƙafa. Na taɓa taransiston don in ƙaryata shi, na janye hannu ban ce komai ba. Ya ce tun 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta daina duba takardun masu injin da ba ya tsayawa. Ko tashar sola ta Goru Banda da ke kusa da Yamai, mai megawat 30, daga rana take karɓa. "Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗana. Miƙo shayin."

Ni dai a ganina maganaɗisun lasifika ne ba su da ƙarfi. Da na samu irin na cikin kwamfuta, da zancen ya sha bamban. Na bar injin yana juyawa har asuba don ya kunyata Mushe.

Da sassafe ƙanena ya ɗaura batirinsa, ya danna, shiru. Ya buga da ƙafa har takalminsa ya tsinke, babur ya yi tari ya mutu. "Yaya, me ka yi masa?" Haka na tura shi, da jallabiyar barci, har bakin kwalta, mata masu ƙosai na yi mini sannu da aiki. Kuɗin cajin da na fasinjan safe duk ni na biya.

Na mayar wa yaro ƙafar kekensa, sai dai gam ya ƙi sakin maganaɗisun. Yanzu duk inda ya bi a unguwa sai ya dawo da ƙusoshi da marafan kwalba manne a ƙafa. Yana tarawa a gwangwanin madara, ya kai Katako a auna masa. Na ce ya riƙa ba ni kasona, tunda fasahata ce. Ya ce mu fara maganar babur tukuna.