Kafin mu ƙi Madueke saboda shuɗiyar riga

'Yan'uwana magoya bayan Arsenal, yau, a tsakiyar watan Yulin 2025, kusan mako biyu ke nan ba mu da wata hira a majalisa sai ta Noni Madueke, ɗan wasan Chelsea da ake cewa Arsenal za ta saya. A zauren WhatsApp ɗinmu kuwa har an kai ga wani ya yi fushi ya fice. A can Ingila dubban mutane sun sa hannu a takardar koke ta intanet cewa kada a saye shi, wasu ma suka je suka ɓata zanen bangon Emirates da rubutun a kori kocinmu Arteta. Yaron bai sa rigarmu ba, ko sau ɗaya bai taɓa ƙwallo da sunanmu ba, amma an riga an yanke masa hukunci. Na daɗe ina sauraro ban ce komai ba. Yau zan faɗi nawa, zai yi ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

Ba wanda zai koya mini ƙin Chelsea. Ni da Chelsea na fara son Arsenal. A watan Oktoban 1999, ina yaro, a falon wani maƙwabcinmu mai tauraron ɗan Adam na kalli wasan Stamford Bridge. An ci mu biyu, ruwa yana zuba, manya a falon sun fara tashi. Saura minti 15 Kanu Nwankwo ya ci ɗaya, ya ƙara ta biyu, sannan a minti na ƙarshe ya yanke gola Ed de Goey a bakin layi ya ɗaga ƙwallo daga wurin da ba wanda ya zata za ta shiga. Daga ranar na zama ɗan Arsenal, kuma daga ranar Chelsea ta zama abokiyar gabata. Na sha baƙin cikin Drogba shekara da shekaru. Na ga ci 6 da nema a wasan Wenger na 1000 a 2014. Na ga wasan ƙarshe na kofin Europa a Baku a 2019. Saboda haka in wani ya ce ransa ba ya son ganin ɗan Chelsea a jar riga, na san daga inda maganar ta fito.

Kuma tsoronku yana da tushe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. David Luiz ya zo a 2019 yana ɗan shekara 32, a kakarsa ta farko ya jawo mana fenariti biyar a Firimiya. Willian ya zo a 2020, shi ma ɗan shekara 32, aka ba shi kwantiragin shekara uku, ya ci ƙwallo ɗaya tal a bugun tazara da West Brom, shekara na zagayowa ya tattara ya koma Brazil. Raheem Sterling ya zo aro a 2024, kaka ta ƙare bai ci ko ɗaya a Firimiya ba. Petr Cech ya kama mana da kyau a kakarsa ta farko, ban ƙi ba, amma yana 33 ya zo, wasansa na ƙarshe shi ne na Baku inda Chelsea ta zura masa huɗu, bayan 'yan makonni ya koma can ya karɓi ofis. Duk wannan ya faru a gaban idonmu.

Inda na rabu da ku shi ne kuɗin goron da kuke yi musu. Ku sake duba sunayen nan. Abin da ya haɗa su ba shuɗiyar riga ba ce, shekaru ne. Mutanen da Chelsea ta gama morarsu ne, ta tatse su, sannan ta miƙo mana saura. Wanda ya taɓa raka babansa sayen ragon layya ko ya shiga karar Wudil ya san ba a fara tambayar daga gidan wa dabba ta fito. Baki ake buɗewa a duba haƙori. In haƙori ya nuna tsufa, ko daga gidan amininka ta fito ka bar ta. In kuma da ƙuruciya, ko maƙiyinka ne mai ita sai ka tsaya a yi ciniki.

To mu buɗe bakin Madueke. An haife shi a watan Maris na 2002, shekararsa 23. Willian ya girme shi da shekara tara a lokacin da kowannensu ya zo ƙofarmu. Wanda ya dace a kwatanta shi da shi Kai Havertz ne, wanda ya zo a 2023 yana 24 kan fam miliyan 65. Ban manta abin da aka yi ta faɗa a gidan kallo a watannin farko ba, da Havertz ya taɓa ƙwallo sai a hau tsaki. Kakar ta ƙare yana da ƙwallo 13 a Firimiya, biyu daga ciki a ragar Chelsea ranar da muka ba su biyar da nema a Afrilun 2024. A daren ban ji wanda ya tuna cewa daga Stamford Bridge ya zo ba. Da ya ji rauni a watan Fabrairun 2025, mu ɗin nan ne muka yi ta salati, har ta kai Mikel Merino, ɗan tsakiya, shi ke buga mana lamba tara.

Sai dai haƙori ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Akwai fuskar mai sayarwa, kuma a nan ne ni ma jikina ya yi sanyi.

Cinikin da ya fi kowanne daɗi tsakanin abokan hamayya shi ne wanda ake ƙwace abu daga hannun mai shi yana kuka. Mu mun taɓa yin irinsa. A Yulin 2001 Sol Campbell, kyaftin ɗin Tottenham, kwantiraginsa ya ƙare, ya tsallako arewacin Landan ya zo wurinmu ba a biya ko sisi ba. Yana 26, yana kan ganiyarsa. A kakarsa ta farko muka haɗa Firimiya da kofin FA. A 2004 da shi aka yi kakar da ba a doke mu ba, kuma a White Hart Lane, gidan da ya baro, aka tabbatar da kofin. Shi ya ci mana ƙwallonmu ɗaya a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Faris a 2006. Har gobe 'yan Tottenham ba su yafe masa ba, kuma rashin yafiyar nan ita ce shaidar cewa abin da muka ɗauka mai daraja ne.

An kuma yi mana irinsa, kuma ya fi ciwo. Robin van Persie ya ci ƙwallo 30 a Firimiya a kakar 2011/12, shi ne kyaftin ɗinmu, a watan Agustan 2012 muka sayar wa Manchester United shi kan kusan fam miliyan 24. Ya ci 26, ya ci uku rigis a ragar Aston Villa daren da suka ɗauki kofinsu na 20. Bayan kwana shida suka zo Emirates, 'yan wasanmu suka jeru layi biyu suna tafa musu, Van Persie yana wucewa ta tsakiya. Na kalli wannan a gidan kallo, 'yan United suna bayana. Ban taɓa fita daga kallon ƙwallo da nauyin zuciya irin na ranar ba. Ku tambayi duk wani ɗan United ko ya damu da cewa shekara takwas mutumin ya yi yana sanye da rigar Arsenal. A Sifaniya ma haka, Luis Figo ya bar Barcelona zuwa Real Madrid a 2000, mutanen Camp Nou har kan alade suka jefa masa a 2002, shi kuwa ya ɗauki La Liga biyu da kofin Zakarun Turai a farar riga.

To yanzu ku dubi Chelsea. Suna kuka? Ba sa yi. Ina da aboki ɗan Chelsea, tare muka tashi, ya ce mini ba zai yi kewar yaron ba. Madueke ya bar sansaninsu a Amurka kafin wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya, suka fita ba shi suka ci PSG uku da nema. Suna da Pedro Neto, sun kawo Jamie Gittens daga Dortmund, ga Estevão yana tafe daga Palmeiras. Sun sayi Madueke daga PSV a Janairun 2023 kan kusan fam miliyan 30, yanzu ana maganar miliyan 48 da wani abu, wanda zai iya kaiwa 52. Su riba suka gani. Kuma Enzo Maresca, kocinsu a kakar 2024/25, ya fito fili ya nuna bai gamsu da ƙwazon yaron ba, har ya ajiye shi a wasu wasanni. Ƙwallo 7 ya ci a Firimiya, uku daga ciki a rana ɗaya ya ci su, a ragar Wolves a Agustan 2024. A PSV kuma rauni ya sha kwantar da shi. Duk wanda ya kawo waɗannan hujjoji, ni zan zauna in saurare shi har ya gama, don magana ce ta ƙwallo.

Saboda haka ba na ce muku Campbell muka samu ba. Ba shi ba ne. Ba mu raunata Chelsea ba, aljihunsu muka cika. Kuɗin ya yi yawa, kuma in har wannan cinikin ya hana a kawo ɗan gaba mai cin ƙwallo, to ni ne zan fara ɗaga murya. Maganar sayen ɗan gaba Viktor Gyökeres ita ce gaba da komai a wurina.

Amma fuskar mai sayarwa ma tana ruɗi, musamman in Chelsea ce. Ƙungiyar nan ta sayar da Kevin De Bruyne a 2014 ba ta yi kuka ba. Ta rabu da Mohamed Salah ba ta yi kuka ba. Wurin da ake tara yara fiye da yadda fili zai ɗauka, ana canza koci kamar riga, ba lallai ne wanda aka saki ya zama marar amfani ba. Madueke a shekara biyu da rabi ya yi aiki da Potter, Lampard, Pochettino da Maresca. Yaro ɗan shekara 20 da 'yan kai, kowane koci da abin da yake so. Ban ce zai zama Salah ba. Na ce sakin da Chelsea ta yi masa bai isa hujja ba.

Sannan mu tuna halin da muka shiga. Bukayo Saka ya ji rauni a cinya a watan Disamban 2024 a wasan Crystal Palace, bai dawo ba sai farkon Afrilu. Wata uku da 'yan kwanaki gefen damanmu yana hannun Ethan Nwaneri, yaro ɗan shekara 17, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Shekara nawa muna kukan cewa Saka yana buga kowane wasa, ana ta dukan ƙafarsa, ba mai hutar da shi? Ga shi an kawo mai ƙafar hagu, mai gudu, wanda ba ya tsoron tunkarar ɗan baya ya yanke shi, wanda ya san Firimiya kuma yana bugawa Ingila, sai muka ce ba ma so. Sau uku a jere muna ƙarewa na biyu, 2023, 2024, 2025. Ba a rasa sha ɗayan farko ba. Benci ne yake kashe mu duk lokacin da rauni ya shigo. Wasu sun ce ba a sayen ɗan benci da miliyan 50. Ku dubi bencin Manchester City a shekarun da suke ɗaukar kofi, ku lissafa kuɗin da ke zaune a kai.

Abin da ya fi damuna ma ba lissafi ba ne, zagin ne. Na shiga shafin yaron na ga abin da ake rubuta masa, kuma cikin masu rubutun akwai sunaye irin namu. Sunansa Chukwunonso, iyayensa 'yan Najeriya ne, kamar yadda iyayen Saka suke. Mu da muka shigo Arsenal ta ƙofar Kanu, mu ne za mu tari ɗan gida da ashar tun bai sauke jaka ba? Ba shi ya sa wa kansa farashi ba. In akwai mai laifi a kan kuɗi, ga daraktan wasanni Andrea Berta nan, ga Arteta, ga masu ƙungiya. A yi musu magana, da hujja, ba da zagi ba. Addininmu da tarbiyyarmu ba su ba mu damar cin mutuncin mutum don ya canza wurin neman abincinsa ba. Dukanmu nan in aka kira mu wani wurin aiki da ya fi, ko da maƙwabcin shagon maigidanmu ne, za mu yi shawara da iyali mu tafi.

Akwai kuma abin da na lura da shi a kanmu. Ashley Cole ya tafi Chelsea a 2006, muka kira shi mayen kuɗi. Fabregas ya sa shuɗiyar riga a 2014, muka ce ya ci amana. Giroud ya tafi a 2018, ya dawo ya zura mana ƙwallo a Baku. Kowannensu 'yan Chelsea sun karɓe shi hannu biyu, kowannensu ya ɗaga musu kofi. Su ba su tsaya tambayar rigar da ya cire ba. Mu ne kullum muke tsayawa a bakin ƙofa muna binciken asali, alhali har zuwa 2025 rabonmu da kofin Firimiya tun 2004, yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu sun yi aure.

Ni dai ga inda na tsaya. Da ni ke riƙe da jakar kuɗin, da na taya ƙasa da haka, kuma da na fara kammala maganar lamba tara. Amma in aka sanar da shi gobe, ɗan Arsenal ne, kuma zan ba shi kaka guda cur kafin in buɗe baki a kansa. Abu biyu zan sa wa ido: ko zai riƙa dawowa baya ya taya tsaro kamar yadda Arteta yake tilasta wa 'yan gefensa, da kuma abin da zai yi da ƙwallo bayan ya yanke mutum, don a nan ne ya fi ɓata wa 'yan Chelsea rai. Ranar 17 ga Agustan 2025 muna Old Trafford a wasan farko. In Allah ya kai mu ina benci na biyu a gidan kallonmu, kusa da fanka, wanda yake da ja sai ya same ni a can bayan an tashi.