Kwalbar Abba

Ranar Asabar ce asirin gidana ya fara tonuwa a bainar jama'a. Muna cikin Adaidaita Sahu daga Kurna za mu Kwari, ni da ɗana Abba ɗan shekara 5, yana kan cinyata. Kusa da mu wani dattijo yana jan carbi, can gefe wani saurayi ya sha shadda da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Daidai Ƙofar Ruwa gosulo ya riƙe mu, ga hadari ya haɗo, iska ko kaɗan babu. Sai wani abu ya taso a hankali, ba sallama.

Dattijo ya tsayar da carbi. Saurayi ya cire hula ya hau fifita. Direba, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙarin rufa wa kowa asiri, ya ce, "Kai, kwatar nan tun bara ba a yashe ta ba." Har na fara gyaɗa kai ina taya shi zagin kwata, sai Abba ya ɗago da murnarsa ya ce, "Baba, ni ne!"

Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Malam, a kai yaron nan asibiti. Wannan ba ta lafiya ba ce."

Gaskiya ya faɗa, don a gida mun kwana biyu muna ɗanɗana kuɗarmu. Kusan mako 2 ke nan cikin yaron kamar ganga, yana ƙugi ana jiyowa daga tsakar gida. Gyatsarsa warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ya hau fo kuwa, sai dai kowa ya nemi mafaka. Ku yi haƙuri da bayanin, amma likita ma sai da ya sa na maimaita shi: bahayan fari-fari ne, da kumfa, da maiƙo kamar an zuba masa man gyaɗa, ka kora ruwa ya ƙi tafiya. Turaren wutan da Maman Abba ke ɓoyewa don baƙi sai da ya ƙare tas, kuma abin da aka samu kawai shi ne wari iri biyu a ɗaki ɗaya.

Kafin a je asibiti, kun san Kano, sai kowa ya gama likitancinsa. Maman Abba ta ce ni ne. "Baban Abba, kullum ka ɗauko shi daga makaranta sai kun tsaya wajen mai garau-garau, ka ɗora masa dafaffen ƙwai biyu. Wake da ƙwai a cikin yaro, me kake so ya fitar, almiski?" Hajiyata ta zo dubiya, ta matsa cikinsa ta ce, "Angona, basir ne ya kama ka," ta aiko da jiƙon sabara a gora. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce madarar gari ce, nata ɗan ma haka ya yi. Mai kemis ɗin bakin layi bai ko ɗago kai ba ya ce tsutsar ciki ce, ya miƙo ƙwaya ɗaya ta taunawa. Duk mun gwada. Tusa ta ci gaba da mulkinta.

Litinin da safe muka dangana da wani asibiti. Abin da ya ba ni haushi, likitan bai ƙaryata kowa ba. Ya ce abincin da ƙaramin hanji bai gama narkarwa ba, ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji su ke cinye shi, su ne ke samar da iskar. Wake da kabeji da albasa suna ƙara ta, ƙwai da nama kuma suna da sinadarin farar wuta, shi ke kawo warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai. Maman Abba ta juyo ta kalle ni, na kalli silin. Ya ce maƙwabciya ma ba ta yi ƙarya ba, akwai yaran da cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, musamman in sun tashi daga gudawa. Akwai kuma yaron da bahaya ke daɗewa a cikinsa ya yi tauri, iskarsa ta yi ɗoyi. Ya ƙara da masu ɗura wa yara maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da izinin likita ba, har ya kashe na kirki da ke hanji, ciki ya rikice.

"Amma na abinci kwana ɗaya ne ko biyu ya wuce," in ji shi. "Mako 2, ga maiƙo, ga yaro ya fara ramewa, wannan ina zargin jiyadiya. Wane ruwa kuke sha?"

Nan ɗakin ya yi tsit. Da can ledar fiya wata muke saye ta sha, na garuwa na wanki da wanka. Ni ne da damina ta kama na zauna da biro da takarda, na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa, na yanke hukuncin cewa ruwa ruwa ne, kakanninmu ma rijiya suka sha. Maman Abba ba ta ce uffan ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Likita ya ce jiyadiya wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, tana fita ta bayan gida ta shiga ruwa, musamman in ruwan sama ya haɗa masai da rijiya. Tana da kwanso mai tauri, ruwan na iya zama garau kamar hawaye tana ciki. In ta shiga sai ta manne a bangon ƙaramin hanji ta hana shi tsotse mai, man ya bi bahaya ya fito. Sai ya jawo durowa ya miƙo mini 'yar kwalba mai murfi da ɗan cokali a jiki. Ya ce a kawo da ɗuminsa, kuma kada in yi mamaki in an ce a sake, don ba kullum take bayyana ba, wani lokaci sai an gwada sau 3 a ranaku daban-daban.

Yaron da ke hawa fo sau biyar a yini, ranar da aka ce ana so, sai ya ce ba ya ji. Na yi lallashi, na yi alƙawarin balan-balan, na tsuguna gabansa ina masa nishi don ya kwaikwaya. Ban buɗe shago ba sai bayan azahar.

Rana ta biyu aka dace. Na naɗe kwalba a leda uku, na jefa a aljihun gaba, na fito da sauri. A bakin layi na yi kiciɓis da surukina, ya fito daga gaisuwar mutuwa. Na cire takalmi na durƙusa, "Baba, barka da asuba." Durƙusawar nan ce ta kashe ni. Ƙunshi ya zamo daga aljihu, ya gangara, ya tsaya daidai ƙafarsa. Kafin in kai hannu ya riga ni. Mutum ne mai son turare, ya jujjuya shi ya ce, "A'a, Malam, sabon kaya aka kawo muku? Ɗan Dubai ne?" Ya fara warware ledar farko.

Ban san sanda na ce, "Baba, saƙon Abba ne!" ba. Ya tsaya, ya kai ƙunshin kusa da hanci, ya miƙo mini da yatsa biyu. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ya juya ya nufi masallaci, ina jin sake alwala ya tafi yi.

A gwaji na biyu aka ga jiyadiyar. Likita ya rubuta maganin kwana 5, wanda aka fi sani da Flagyl, gwargwadon nauyin yaron, ya ce yana da ɗaci, a daure a ƙarasa ko an ga sauƙi. A riƙa tafasa ruwan sha har ya yi ɓararraka, a yanke masa farce, a wanke hannu da sabulu bayan an wanke fo, a ɗan jinkirta madara. In an ga jini a bahaya, ko zazzaɓi, ko idonsa ya faɗa ya daina fitsari, a dawo ko tsakar dare ne.

Har na miƙe ina godiya, sai ya ce, "Af, tana yawan zagaye gida. Akwai wanda cikinsa ke damunsa ban da shi?"

Na ce, "Babu kowa, likita, lafiyarmu ƙalau."

Abba ya ja rigar likitan ya ce, "Baba ma yana yi. In ya yi sai ya ce ni ne."

Maman Abba ta sa mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Likita bai yi dariya ba, mutumin kirki. Durowa kawai ya sake jawowa.