Cire Kamto Ba Ribar Arewa Ba Ce

Tun ranar 5 ga Agustan 2025 da Majalisar Tsarin Mulki ta Kamaru ta tabbatar da cire Maurice Kamto daga takarar shugaban ƙasa, wata magana ta riƙa yawo a teburan mai shayi na Garwa da Marwa, kuma ta ishe ni. Wai babu ruwanmu, rigimar 'yan kudu ce, gaba ma ta kai mu, tunda fili ya buɗe wa 'yan takarar arewa, Issa Tchiroma Bakary da Bello Bouba Maigari, a zaɓen ranar 12 ga Oktoban 2025. Mai faɗar haka bai tsaya ya duba yadda aka yi aka cire mutumin ba.

Ba a ce Kamto ba ɗan Kamaru ba ne. Ba a ce bai kai shekara 35 ba, ko ya kasa ajiye sefa miliyan 30 da doka ta yanka. Abin da hukumar zaɓe ELECAM ta kama shi ne wai jam'iyyar MANIDEM da ta tsayar da shi ta tsayar da mutum biyu, domin wani Dieudonné Yebga shi ma ya kai takardu da sunanta. Shi ke nan. Mutumin da ya zo na biyu a 2018 ya fita daga zaɓe ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kayar da shi ba.

To wannan tantancewa ce? Idan takarda biyu suka zo da sunan jam'iyya ɗaya, aikin mai tantancewa shi ne ya binciko wace ce ta gaskiya: wa babban taron jam'iyya ya zaɓa, wa ke da ikon sa hannu. Anicet Ekane kowa ya sani da jagorancin MANIDEM a lokacin, shi ne kuma ya tsaya gaban jama'a ya gabatar da Kamto. A ce zuwan takarda ta biyu kaɗai ya isa ya kashe ta farko, an koya wa kowa hanya mafi araha ta kawar da abokin hamayya. Babu jam'iyyar da ba ta da wani fusataccen tsohon jigo da zai iya ɗaukar hatimi ya nufi Yawunde. UNDP ta Bello Bouba na da su, FSNC ta Tchiroma na da su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi, ba tafi ba.

Masu cewa laifin Kamto ne da jam'iyyarsa ta asali, MRC, ta ƙaurace wa zaɓen 2020 har ta rasa kansila ko ɗaya da zai ba ta damar tsayar da shi, su fara gaya mana wa ya ɗage zaɓen 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi daga 2025 zuwa 2026.

Sauran ƙofar ita ce takarar kai-da-kai, wadda dokar zaɓe ta 2012 ta ɗora wa sa hannu 300, talatin daga kowace jiha, na zaɓaɓɓu ko manyan sarakuna. Mu nan mun san fada. Wane lamiɗo ne zai sa hannu wa mai neman kayar da gwamnatin da ta amince da naɗinsa, gwamna na kallo?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu alƙalancin kansu. Mambobin ELECAM da alƙalai 11 na Majalisar Tsarin Mulki duk da sa hannun shugaban ƙasa ake naɗa su, shi kuma Paul Biya, mai shekara 92 a lokacin, yana kan mulki tun 1982, ɗan takara ne a zaɓen na 2025. Hukuncinsu ba shi da ɗaukaka ƙara. Wannan majalisar ce ke sauraren ƙorafin zaɓe, ita ce ke bayyana sakamako. Wanda ya yi murna a Garwa a lokacin, gabanta ɗan takararsa zai tsaya a watan Oktoban 2025.

A riƙa buga takardun kowane ɗan takara a fili, a warware rikicin shugabancin jam'iyya a kotu tun kafin a buɗe karɓar takardu, a kuma raba naɗin alƙalan nan da hannun mai takara. Ya kamata a ce Tchiroma da Bello Bouba sun sa wannan a gaban buƙatunsu tun kafin a fara yaƙin neman zaɓen 2025.