Tsohon saƙo ya cancanci rangwame, tsohuwar manhaja ba ta cancanta ba

Duk mai kulle imel da OpenPGP, ƙa'idar rufe saƙo don mai karɓa kaɗai ya iya karantawa, yana da ranar da za a ce masa saƙo ya iso amma ya ƙi buɗuwa. Maganin da aka saba shi ne a sassauta, a koma tsohuwar dabarar kullewa don kowa ya samu shiga. A ganina an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne: karanta abin da aka kulle shekaru ashirin da suka wuce, da kulle sabon saƙo yau. Na farko dole ne a yi masa hanya. Na biyu bai kamata a ja shi baya ba.

Dalilin yana cikin yadda kullewar take. Manhajar mai aikawa tana ƙirƙirar makulli ɗaya na wucin gadi, ta kulle saƙon da shi, sannan ta naɗe wannan makulli da makullin fili na kowane mai karɓa, wato wanda yake raba wa mutane, yayin da na sirri da ke buɗewa yake wurinsa shi kaɗai. Kowane makullin fili yana ɗauke da jerin dabarun da mai shi ya ce yana iya buɗewa, kuma manhajar za ta zaɓi wadda duka suka yi tarayya a kai. To idan mutum goma ne, tara na zamani, ɗaya yana riƙe da makullin da aka yi tun zamanin PGP na farko, manhajar da OpenPGP ya samo asali daga gare ta, saƙon goman ne zai sauka zuwa matakinsa. A RFC 4880, takardar ƙa'idar OpenPGP ta 2007, in an rasa matsaya ana faɗawa kan tsohuwar dabarar TripleDES. RFC 9580 ta 2024 ta maye gurbinta da dabarar zamani AES-128, kuma ta yi daidai.

Wanda ke ganin wannan tsoro ne kawai ya tuna harin da aka sa wa suna EFAIL, a watan Mayun 2018. Masu bincike sun nuna cewa za a iya sauya wani sashe na rufaffen saƙo a hanya, manhajar mai karɓa ta buɗe shi, ta kuma fitar da abin da ke ciki ta mahaɗin HTML. PGP yana da hatimin gano sauyi da ake kira MDC tun kafin nan, amma don kada tsofaffin saƙonni su ƙi buɗuwa, rashinsa gargaɗi ne kawai a wasu halaye. Sai a siga ta 2.2.8 ta GnuPG, manhajar da ke aiki da OpenPGP, aka mai da shi ƙin buɗewa na dindindin. Rangwamen da aka yi don jituwa shi ya bar ƙofa a buɗe.

Sai dai matsalar da ta fi damun mutane yanzu ba ta tsofaffi ba ce, sababbin ne suka rabu gida biyu. GnuPG, wanda Werner Koch ya ƙirƙira, ya bi ƙa'idar LibrePGP, mai makulli siga ta 5 da nata tsarin kullewa da ake kira OCB. RFC 9580 kuwa ta kawo siga ta 6 da wani tsarin daban. Makullin da GnuPG 2.3 ko 2.4 na asali, wanda ba a yi wa gyara ba, ya ƙera yana shelar cewa yana karɓar OCB. Mai aikawa da GnuPG zai gaskata shelar, ya kulle da shi, kai kuma ka je buɗewa a waya da manhajar da ba ta san wannan tsari ba. Laifin ba na mai aikawa ba ne, makullinka ne ya yi alkawarin da wata na'urarka ba za ta iya cikawa ba.

Gyaran ba shi da wuya. Shiga makullin da gpg --edit-key, ka buga showpref don ganin jerin dabarun da yake shelantawa. In ka ga OCB a layin AEAD alhali kana karanta imel da manhaja fiye da ɗaya, yi setpref da AES256 AES192 AES SHA512 SHA384 SHA256 ZLIB ZIP, wato jerin da ba OCB a ciki, ka adana. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne mataki na gaba: sai ka sake fitar da makullin fili ka raba shi, domin wanda ke riƙe da tsohon kwafi zai ci gaba da aiko maka OCB. Saƙonnin da aka riga aka kulle kuma ba su sauyawa. Ga wanda ke mu'amala da mutanen da bai san manhajarsu ba, makulli siga ta 4, nau'in Curve25519 ko RSA 3072, shi ne abin da ɓangarorin biyu ke karɓa, kuma sauka gare shi ba rauni ba ne. Rauni shi ne sa hannu da tsohuwar dabarar SHA-1 bayan masu bincike Leurent da Peyrin sun nuna a 2020 cewa za a iya yin jabu da ita.

Taskar tsofaffin saƙonni kuwa a ware mata wurinta. GnuPG 2.1 ya daina karɓar makulli siga ta 3, amma 1.4 yana nan don wannan aikin. A sa shi a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, a buɗe saƙonnin, inda ya tilasta a yi amfani da --ignore-mdc-error, zaɓin da ke kau da kai daga matsalar MDC, sau ɗaya, a sake kulle su da sabon makulli. Kada a rubuta wannan zaɓi cikin gpg.conf, fayil ɗin saitin GnuPG, don zai shafi har saƙon da zai shigo gobe. Kuma kada a goge tsohon makullin sirri don wa'adinsa ya ƙare: ƙarewar wa'adi tana hana a kulle maka sabon saƙo ne, ba ta hana shi buɗe na baya.